Kwamfutar da ke suma bayan azahar

Ni ba ɗan boko ba ne. Sana'ata saye da sayarwa: shinkafa da alkama idan an yi girbi, bandar kifi daga Kirikasamma, daga baya kuma injinan ban ruwa da manoman fadama suka fara nema. Don haka da labari ya bazu a Haɗeja cewa na sayo kwamfuta, abokaina na kasuwa sun sami abin dariya. Wani ya tare ni a ƙofar masallaci yana tambaya ko ita za ta riƙa auna mini shinkafa.

Ba don kaina na saya ba. A barandar shagona akwai wata mata 'yar Filato da kowa ke kira Madam. Mijinta malamin sakandare ne, ya rasu ya bar ta da 'ya'ya, ita kuma ta ƙi komawa gida domin a nan aka haifi yaran, a nan suke makaranta. Tafireta gare ta, tana buga wa mutane takardun neman aiki, tana buga wa makarantu tambayoyin jarrabawa. Shekaru muna tare. Idan na tafi ƙauye sayen kaya, ita ce idona a shago. Wajen ƙarshen mulkin soja aiki ya fara guje mata, don duk wanda ya ga takardar da kwamfuta ta buga ba ya sake kallon ta tafireta. Wasu malaman har Kano suke aika aikinsu. Na duba na ga kasuwa ce ke wucewa ta ƙofata, ga kuma mace mai hannu tana zaman banza. Na ce ta je ta koyo, ni zan kawo inji. Ta yi 'yan watanni a Kano ta dawo. Ni kuma na sayo kwamfuta ta hannu, na share ɗan ɗakin da ke gefen shago, na sa tebur da kujera.

Ranar da aka kawo ta, maiɗakina ta zo gani. Hajiya tela ce, kuma a wurinta duk abin da aka saya da tsada ba ya zama tsirara. Kekenta na ɗinki da rigarsa, rediyo da rigarsa, har fulas ɗin shayi. Ta zagaya teburin tana taɓa haɓa.

"Ga warin kifi, ga ƙaiƙayin shinkafa, ga kyankyaso," ta ce, "haka za ku bar ta kamar marainiya?"

Ba a jima ba ta dawo da riguna biyu na koren karan-miski, ta saka musu soso a ciki, ta yi wa bakinsu ado da zare. Ɗaya ta allon ce, ana ɗage ta idan za a yi aiki. Ɗayar ta akwatin ƙarfen da ke gefe ce, wanda shi ne ainihin injin. Wannan ta zauna masa cif, ta bar 'yar taga a gaba inda ake kunnawa, da wata 'yar kafa a baya don wayoyi. Madam ta rungume Hajiya. Dama ƙawaye ne, tuwon Sallah yana zuwa gidan Madam, shinkafar Kirsimeti tana zuwa gidanmu.

Lokacin sanyi ne, kuma abin ya tafi daidai. Malamai suka dawo, ma'aikatan ƙaramar hukuma suka gano mu, har daga garin Malam Madori ake kawo aiki.

Da bazara ta shigo sai rigima ta fara. Madam na tsakiyar bugu, allon ya yi baƙi, injin ya yi ɗan kuka, ya tashi da kansa kamar wanda ya farka daga suma. Duk abin da ba ta riga ta adana ba ya tafi. Wata rana sau ɗaya, wata rana ba iyaka, wata rana kuma ko kaɗan. Abin da na lura da shi kawai, da safe ba ta cika yi ba, sai an sauko daga azahar.

Na aika aka kira injiniyan da ya sayar mini da ita, wani mutum mai haƙuri da ke biyo motar asuba daga Kano. Duk ranar da zai zo, Madam takan cire rigunan tun kafin ya iso, ta ninke ta sa a jakarta, kada ya ɓata wa Hajiya aiki da baƙin hannu. Ya zo ya buɗe akwatin, ya hure, ya ɗaure wayoyi, ya zauna yana dannawa har la'asar. Ko tari ba ta yi ba. Ya ce wutar gari ce ke hawa da sauka, a sayi sitabilaiza mai daidaita ta. Na saya. Ta ci gaba da suma. Ya dawo ya ce ƙila cuta ce ta shigo ta faifan da malamai ke kawowa, ya share komai ya zuba sabo. Ta ci gaba. Zuwansa na gaba ya canza wani ɗan ƙarfe a ciki, ya zauna har rana ta yi sanyi, ta yi masa aiki kamar sabuwa. Da zai tafi ya ja ni gefe.

"Alhaji, wallahi ban ga laifinta ba. Ko dai akwai abin da mai bugun ke dannawa?"

A hankali ya faɗa, amma ɗakin ƙarami ne.

Mako ya zagayo, jarrabawar ƙarshen zango ta matso. Wata makaranta ta kawo tambayoyinta gaba ɗaya, kuma a yini ɗaya injin ya cinye wa Madam shafukan lissafi har ta rasa adadi. Washegari da safe na tarar da ita zaune ba ta kunna ba.

"Alhaji, ka nemi wani," ta ce. "Yayana ya daɗe yana cewa in dawo gida. In an yi hutu zan kwashe yaran."

"Saboda ƙarfe za ki bar gari?"

"Ba ƙarfen ba ne, ni ce. In injiniya ya zauna ba ta yi, in na zauna ta yi. Tafireta na iya, da girmana na zo koyon wannan. Na ɓata maka suna wajen mutane."

Na ce ta bari a gama jarrabawa tukuna. Ni na san hannunta, na ga yadda take buga shafi guda ba ta kalli yatsunta ba, amma ba ni da hujja.

A ranar ne wani manomi ya zo da fushinsa. Injin ban ruwan da na sayar masa, ya ce, ba shi da kirki: da safe yana zuba ruwa kamar kogi, rana na take ya mutu. Na hau bayan babur ɗinsa muka nufi fadama, don ba na yarda a zagi kayana ban je na gani ba. Tun daga nesa na hango wani tudu a bakin ruwa yana hayaƙi. Mutumin ya lulluɓe injin da buhuna, ya ɗora tabarma, ya danne da dutse.

"Baba, wannan fa?"

"Rana mana. Ka ga zafin nan, ko jaki ba ka bar shi a fili ba, balle abin da na sayar da alkamata na saya."

Na yaye buhunan ina dariya. Na ce masa inji da iska yake rayuwa, in zai yi masa gata ya kafa masa rumfa daga sama, ya bar gefensa a buɗe. Muka jira ya huce, muka tayar, ya ɗauka. Sai da muka kamo hanyar gari, ina bayan babur ina ƙara yi masa tsiya, rigar karan-miskin nan ta faɗo mini a rai. Na ce ya ƙara mai.

Na tarar Madam ta kunna, tana bugu a tsorace. Na cusa hannu ƙarƙashin karan-miskin. Ƙarfen kamar burodin da aka fito da shi yanzu. Na leƙa baya, na ga 'yar fankar da ke jikin akwatin tana juyawa tana hura soso.

"Madam, injiniya ya taɓa ganin rigar nan?"

Ta dube ni, ta dubi akwatin, ta sa hannu a baki.

"To cire ta," na ce.

"Ni? Aikin Hajiya? Kai ne mijinta, kai za ka gaya mata."

Gaskiyar magana, ni ma ban cire ba. Na kashe injin, na aika a ɗauko Hajiya. Da ta iso muka sake kunnawa, muka zauna muna hirar duniya har ya ɗau zafi, sannan na ce ta taɓa. Ta sa hannu, ta janye da sauri. Na shiga kame-kame ina yabon ɗinki, ina cewa ba laifin riga ba ne, laifin garinmu ne da zafi. Ta bar ni na gama.

"Tsaya, Alhaji. Wato duk watannin nan da rigar a jikinta take aiki?"

Ta dube mu ɗaya bayan ɗaya.

"Kai da ke sayar da injina, ke da kika je Kano karatu. Kun taɓa ganin ina ɗinki da riga a kan kekena? Riga ta kwana ce. An tashi aiki a rufe, za a fara a buɗe." Ta zare ta da kanta, tana shafa akwatin. "Sannu, baiwar Allah. Sun gasa ki."

Madam ta yi dariya har ta kifa kai a tebur, da ta ɗago kuma idanunta sun jiƙe. Hajiya ta ce mata ba lokacin kuka ba ne, yara na jiran jarrabawa. Ta jawo kujera ta zauna kusa da ita da maficinta, rabi tana yi wa Madam fifita, rabi tana yi wa akwatin.

Har aka kira la'asar allon bai yi baƙi ba. Washegari ma haka. Madam ta gama tambayoyin makarantar kafin ranar da aka ba ta, shugaban makarantar ya zo da kansa ya karɓa. Da aka yi hutu ban tayar mata da maganar tafiya ba, ita ma ba ta tayar ba. Sai wata safiya na ji ta a baranda tana ba direban motar Jos saƙo, ya gaya wa yayanta ya daina gyaran ɗaki, in ya matsu da ganin yara shi ya zo Haɗeja, akwai kifi.