Kwandon da Aka Hana Ni

Shekara biyu bayan tsutsar nan ta cinye tumatir, a ranin da na fita takabar mijina, abin ya faru. Muna tsinkar tumatir a wata babbar gona, gangaren dam ɗin Tiga, ni ce babba a cikin mata. Aikin da kwando ake shigarsa. Da safe heluma, mai kula da mu, zai tsaya bakin gona yana miƙawa, wadda ba ta samu ba ta koma gida. Shekara tara ni ake fara miƙa wa.

Sai suka tsiri feshin magani da sassafe, a tura mu ciki ganye bai bushe ba. Hannuwa suka saɓule, wata mai ciki ta yi ta amai a cikin shuka. Ranar da jami'in ƙwadago ya zo zagaye, kowa ta sunkuyar da kai, ni kuwa na buɗe masa tafin hannuna. Ya rubuta, ya ce doka ta hana a taɓa ma'aikaci don ya kai kuka. Na yarda, tunda mai takarda ne.

Washegari heluma ya tsallake ni, yaron da na ci tuwon sunansa. Ya ce, "Iya, kwando ya ƙare." Ga su kuwa jibge a bayansa. Kwana uku ina tsaye hannu rabbana, sa'o'in 'ya'yana suna wuce ni, ba mai ɗaga ido. A na huɗu na ce ba zan yi roƙo a gaban yara ba, na zauna gida.

Har Kano na bi jami'in. Ya kira mai gona a waya, shi kuwa ya rantse ba wanda ya kore ni. Takardar ɗaukar aiki, ba ni da ita. Shaida kuma, ba wadda za ta tsaya mini, kowace mace tana da bakunan da take ciyarwa.

Ya ce, "Iya, a rubuce ke kika bar aiki. Da kin daure kina zuwa kullum, da mun samu abin kamawa."

Ashe dokar so take in tsaya a wulaƙanta ni har ta ƙoshi da kallo.

Mai gonar yana nan, ya ƙara wata wajen Bebeji. Heluma tari ya ɗauke shi, shi ma maganin yake shaƙa. Mai cikin nan tana raye, in ta hango ni a kasuwa sai ta sake hanya. Sai ni, da hannuwan nan da har yau ba sa shiri da sabulu.