Jan harshen maigidana

Ba a daɗe da samun mulkin kai ba na ɗauki cikina na uku. Muna Kudan, maigidana manomin rake ne, mazarƙwaila kuma ba ta yankewa a gidanmu. Sai ƙishirwa ta sa ni gaba, ga fitsari ba iyaka. Uwar mijina ce ta lura da tururuwa na bin inda na yi fitsari a bayan gida, ta ce a kai ni asibiti.

Maigidana ya goya ni a keke zuwa Makarfi. Unguwarzomar asibitin ta dafa fitsarina a wata 'yar kwalba, ya sauya kala. Ta ce ciwon suga ne na masu ciki. Ta hana ni rake da duk wani zaƙi, ta rage mini tuwo, ta ba ni jajayen ƙwayoyin bitamin, ɗaya kullum, don kada abincin da aka rage ya rage ɗan.

Da muka dawo, maigidan ya lashi ƙwaya ɗaya, ya zaro ido.

"Ke, wannan ai alewa ce! Ta hana ki zaƙi da baki, ta ba ki da hannu."

Na ce, "Malam, ita ta san aikinta."

Ya ce a'a, mantuwa ta yi. Daga ranar, kowace safiya sai ya zauna bakin ƙofa ya tsotse jan bayan ƙwayar tas, ya ɗauraye, ya miƙo mini baƙin cikinta mai warin tsatsa. Ina haɗiya ina tofar da yawu, shi ko yana cewa wahalar da yake sha saboda ni Allah kaɗai ya sani.

Harshensa ya rine ja. A kasuwar Hunkuyi har wani mai magani ya tare shi da saiwa, ya ɗauka ciwo ne.

Ranar awo unguwarzomar ta dube shi yana gaisuwa, ta ce, "Buɗe bakinka, Malam." Ya buɗe. Da ya yi bayani, sai ta fita baranda, muka ji tana tari. Ta dawo tana share hawayen dariya, ta ce zaƙin bai kai na lomar tuwo ba, in haɗiye abata yadda take.

Bai ji daɗi ba. Kwana biyu ba ya yi mini magana sai da dalili.

Na haifi mace, ƙatuwa, lafiya lau. Bayan arba'in aka sake dafa fitsarin, bai sauya kala ba.