Kan Burodin Ramla

Duk wanda ya taɓa sauka a tashar Tanut ya sha shayi a teburina, to ya ci burodin Gajere, ko ya sani ko bai sani ba. Ni ke dafa shayin, shi ke gasa burodin, haka muke tun kafin furfura ta fito mana. Mutum ne ɗan dunƙule, in ya tsaya a bayan tebur sai ka leƙa kafin ka gan shi, ga rowar magana. Ni kuwa bakina ba ya hutawa, shi ya sa muka daidaita: ina zuba, yana gyaɗa kai.

Ɗan Ollelewa ne, ɗan manoma. Yana saurayi aka yi wata shekarar da ruwa ya ɗauke da wuri, hatsi ya bushe a tsaye, har ta kai gidansu ana dama dusa ana sha. Bai taɓa ba ni wannan labari da bakinsa ba, uwarsa Hajjo ce ta ba ni. A shekarar ya bi motocin arewa, ya wuce Agadas, ya shiga ƙasar Larabawa, ya faɗa hannun wani mai gidan burodi. Da ya dawo, duk hannuwansa tabon ƙuna ne. Ya gina tanderu na laka a bayan gidansa, ya auri Radiya, ya kuma ɗauki wani alwashi da kowa ya ji: 'ya'yansa ba za su tashi da tuwon hatsi kawai ba yadda shi ya tashi. Na sha yi masa tsiya a kan haka. In ce masa kai da tuwon ya raina ka, ko da yake bai ƙara maka tsawo ba, yau shi kake rainawa? Sai ya yi murmushi ya ci gaba da jera burodi a kwando.

Yana da wata al'ada tasa. Burodin farko da ya fito daga wuta ba ya sayar da shi sai ya ɓalle kansa, wannan ɓangaren mai ƙamas-ƙamas, ya kai cikin gida da zafinsa. Ɗansa na fari, Haris, shi ya fara cin wannan kan burodi, ana tsoma masa a shayi da madara. Yaron bai daɗe da yaye ba ya fara zawo, cikinsa ya yi tulu, ƙafafu suka zama sillaye. Aka yi na asibiti, aka yi na gida. Bai kai shekara huɗu ba muka kai shi makwanci, ni na riƙe wa Gajere takalmansa a bakin kabari domin ya manta ma ya cire su a ina. Daga ranar rowar maganarsa ta ƙaru.

Sai aka haifi Ramla. Kai, yarinyar nan ta zo da kyau! Ɓul-ɓul da ita, ga dariya, in Radiya ta goyo ta zuwa kasuwa sai mata sun tare ta. Gajere ya dawo mutum. Da aka yaye ta, kan burodi ya zama nata, kuma ba a tashe ta, ƙamshi ne ke tashe ta. Za ta tako da tangaɗi har bakin tanderu ta miƙa hannu, shi kuma ya hura mata ya sa mata a tafi.

Sai wasu ƙuraje suka fara fito mata a gwiwar hannu. Ƙanana ne masu ruwa, a jere, hagu da dama, sannan suka sauka gwiwar ƙafa, suka hau ɗuwawu da ƙeya. Ƙaiƙayi kuwa ba a magana. Yarinya za ta yi ta susa har jini, a yanke mata farce ta koma goga jikinta da bango. Majo, babban ma'aikacin jinya na asibitin garinmu, ya duba ya ce kirci ne, ya ba da man shafawa. In an shafa ya lafa kwana biyu, sai ya dawo da ƙarfinsa. Duk wannan da sauƙi. Ranar da Radiya ta ɗaga rigar yarinyar za ta yi mata wanka, Gajere ya ga cikin ya fara tasowa, ranar ya zo teburina ya zauna bai ko yi sallama ba. Na zuba masa shayi ya huce a gabansa. Ban tambaye shi ba, domin ni ma na ga cikin Haris da idona.

Mutanen garin nan kuma, Allah ya shirye su, ba sa ganin abu su yi shiru. Wata ta ce kuturta ce ke tafe. Wata ta ce ai jifa ne, masu baƙin cikin cinikinsa ne suka yi. Mata suka fara janye 'ya'yansu in Ramla ta fito ƙofar gida. Wani direba ya zauna a bencina yana cewa shi fa ya fara tsoron burodin gidan da ake susa, na karɓe kofina daga hannunsa na ce ya tashi ya je ya sha a gidan ubansa. Na yi asarar mai ciniki, ban damu ba. Amma gaskiya ni kaina tsoro ya kama ni, ina kallon yarinyar tana zubewa kamar kitse a rana.

To, ka san mu da mara lafiya. Ba a tura masa tuwo, sai a nemo masa abin marmari. Gidan Gajere kowa ya ci tuwo da miyar kuka, Ramla kuwa burodi da safe, taliya da rana, fanke da la'asar, biskit a aljihu. Duk lokacin da jikin ya ƙara tsananta, sai ya ƙara mata. In ta ture komai, kan burodin nan dai za ta karɓa, shi ma abin da ke kwantar masa da hankali ke nan, yana cewa ai tunda tana ci da sauran rai.

Da damina ta faɗi, Hajjo ta zo daga Ollelewa. Tsohuwa ce mai kaifi, ba ta neman shawarar kowa. Ta dubi jikarta, ta dubi gidan, ta ce gidan nan ya ci ɗaya ba zai ci na biyu ba tana raye. Ta goya yarinyar ta shiga mota. A ƙauye babu mai sayar da burodi, babu taliya sai ranar biki. Fura ce da nono, tuwon hatsi, wake, ɗan ganyen tafasa. Abin da gida ya ci shi Ramla ta ci, in ta ƙi ta kwana da yunwa, Hajjo ba ta lallashi.

Kafin a yanke hatsi sai labari ya fara canjawa a waya. Zawo ya tsaya. Ciki ya sauka. Ƙurajen ba su tafi duka ba, amma sun bushe, yarinya tana barci. Da Gajere ya je ya dawo, ranar ce na fara jin ya yi magana mai tsawo: wai ta yi kumatu, wai tana bin awaki da gudu. Kowa ya ce to, magana ta fito, gidan ne. Aka haƙe tsakar gida ana neman abin da aka binne, aka yi hayaƙi, aka yi sadaka. Ba a tono komai ba sai tsohon ƙashi da fasasshen tulu, amma an riga an yarda. Gajere ya yanke cewa Ramla ta zauna wurin kakarta, ya gwammace ya yi kewarta da ya sake riƙe ƙaramin likkafani.

Sai dai kewar ta fi ƙarfinsa. Kowace safiya zai ɓalle kan burodi ya rasa wanda zai ba. Sai ya fara ƙulle shi a leda, ya haɗa da wasu manya, da ƙullin taliya, ya ba direban da ke zuwa Ollelewa. Hajjo ta ji daɗi, ɗanta ya tuna da su, tana nuna wa maƙwabta. Ramla kuwa da ta ga kan burodinta har rawa ta yi, in ji direban.

Ba a jima ba waya ta zo. Ina soya ƙwai na ga Gajere ya nufo ni, wayar na hannunsa. Abin ya dawo, kuma ya fi na da. Yarinya ba ta iya tsayuwa. Hajjo da ba ta kuka tana kuka, tana cewa abin ya biyo ta har ƙauye. Ya zauna a benci ya dubi ƙasa.

Ya kira sunana. "Dodo, in ba gidan ba ne, to a jinina abin yake," in ji shi. "Duk ɗan da na haifa haka zai tafi."

Na ce ya rufe mini baki da wannan zance. Na kashe wuta, na kife kofuna, na ce Damagaram za mu, babban asibiti, yau ɗin nan. Muka ɗauko Ramla a hanya. Wallahi da na karɓe ta, ba nauyi, kamar na ɗauki kaza. Fatar gwiwoyinta duk ta saɓe, leɓɓanta sun yi fari. Radiya tana riƙe da hannayenta kada ta yi susa, Gajere kuwa yana gutsura mata burodi yana tura mata a baki don kada ta galabaita kafin mu isa.

Likitar da muka samu mace ce, ba ta da gaggawa. Ta duba ƙurajen da kyau, ta danna cikin, sannan ta shiga tambaya. Ba ta tambayi gida ba, ba ta tambayi maƙiya ba, abinci ta yi ta tambaya. Me yarinyar ke ci a Tanut? Me ta ci a ƙauye? Kafin ciwon ya dawo, me ya shigo gidan wanda da babu shi? Radiya ce ke amsawa. Da ta zo kan ledar da direba ke kaiwa, sai muryarta ta yi ƙasa, ta tsaya, ta juya ta dubi mijinta.

Likitar ta ce ba kowane kirci ne abinci ke kawo shi ba, kada mu je mu hana yaran gari cin abinci. Amma akwai wata cuta da hanjin mutum ba ya jure wani abu da ke cikin alkama. In ya ci, hanjin ya ji rauni, abinci ya riƙa wucewa bai amfane shi ba, a wasu kuma ya fito a fata kamar haka. Ta ce ba za ta tabbatar ba sai an auna jini, amma alamu sun yi yawa. Da zarar an gama awon, alkama ta haramta ga yarinyar, kuma in ita ce, to har ƙarshen rayuwarta.

Gajere ya ce ba zai yiwu ba, gari guda ke cin burodinsa ba wanda ya mutu. Ta ce haka ne, ba laifin burodin ba ne, jikin yarinyar ne ba ya so. Na ɗauka ya gama, ashe wata tambayar ce ke taso masa.

"Akwai wanta da ya rasu," ya ce. "Shi ma cikinsa haka ya yi. Shi ma ni nake ba shi."

Likitar ta dube shi. Ta ce ba ta ga yaron ba, ba za ta iya sani ba, kuma ba wanda zai iya sani yanzu. Gaskiya ta faɗa. Ni dai da ta yi masa ƙarya ta ce a'a, da na fi so, domin har yau tambayar nan tana nan tare da shi.

Awo ya fito, ita ce. Aka kwantar da Ramla har ta ɗan yi ƙarfi, muka dawo Tanut, gidan da aka haƙe a banza. Ba burodi, ba taliya, ba fanke, ba biskit, ba cincin, ba alkaki. Hatsi, dawa, shinkafa, masara, wake, nono, waɗannan duk nata ne, wato dai abincin da ubanta ya rantse ba za ta tashi da shi ba. Cikin ya riga fatar warkewa, fatar ta ɗauki watanni. Yanzu in ka gan ta ba za ka ce ita ce ba, sai ɗan tabo a gwiwa.

Shi ne bai warke ba. Sana'ar ba ta baruwa, da ita ake ci. Ya toshe ƙofar da ke tsakanin tanderu da tsakar gida, ya fasa wata ta waje. Ba ya shiga gida sai ya yi wanka ya sauya riga, ba ya taɓa kwanonta. Mutumin da ba ya magana ya bi garin nan tebur-tebur, gida-gida, yana roƙon mutane don girman Allah kada su ba 'yarsa burodinsa. Yana tsoron Sallah, yana tsoron suna da biki, yana tsoron ranar da za ta shiga lakwal, wato makarantar boko, wata ƙawa ta raba biskit da ita. Ya ce mini da maƙiyi ne da ya san yadda zai yi, amma masu sonta ne za su miƙa mata.

Wata safiya na je ɗaukar burodi da kaina. Ya fito da na farko ke nan, hannunsa ya ɓalle kan kafin ya tuna, yadda ya saba. Ashe Ramla ta zagayo ta ƙofar waje, ƙamshi ya tashe ta. Ta tsaya a gabansa ta miƙa tafin hannu. Gajere ya mayar da hannunsa baya ya ɓoye, ya ce ta koma gida, inna ta dama mata kunu. Ba ta yi kuka ba. Ta dai ci gaba da miƙa hannun tana dubansa.

"Baba, me na yi maka?"

Radiya ce ta zo ta ɗauke ta, yarinyar tana waiwayensa ta saman kafaɗar uwarta. Ya daɗe a tsaye da abin a bayansa har ya huce, sannan ya jefa shi cikin kwandona.

Har yau kullum in kwando ya iso, akwai burodi ɗaya marar kai, kan kuma yana gefe shi kaɗai. Ba na sayar da shi, kuma ban taɓa iya ci ba.