Katin Hoton da Musanna Ya Zaɓa

Musanna maƙwabcina ne a unguwar Bayya, kuma tare muka yi makaranta. Ya karanta ilimin ƙasa a jami'ar Bagadaza, ya fito da sakamako mai kyau, ya jira aikin gwamnati har ya gaji da jira. Yanzu yana tsaron wani shagon kwafin takardu kusa da kotu. Ya doshi arba'in, bai yi aure ba, daga shi sai mahaifiyarsa a gidan.

Yana da kwamfuta ɗaya ta buga wasan gem, baƙa, mai murfin gilas a gefe. Shi da ƙanensa Lu'ai suka haɗa ta da hannunsu shekarar da mahaifinsu ya yi ritaya, kuma a lokacin babu irinta a layinmu. Ni ma a kanta na koyi wasan yaƙin da suke bugawa. Bayan mahaifin ya rasu Lu'ai ya bi ta Turkiyya ya fita, ya ƙare a Suwidin yana tuƙa motar kaya. Musanna ya zauna, don dole wani ya zauna da Hajiya, ga ciwon zuciya ga hakin da ke taso mata lokacin zafi.

'Yan'uwan nan biyu ba su iya hira a waya ba. Lafiya lau, ya Umma, ya aiki, sai shiru. Amma duk Juma'a bayan la'asar, in suka sa abin ji a kunne suka shiga wasan, sai baki ya buɗe. Ana harbi ana zagi ana ba da labari. A cikin wasan Lu'ai ya gaya masa zai yi aure. A ciki Musanna ya gaya masa abin da likita ya ce game da zuciyar Hajiya.

Masu wasan suka yi ta sabunta shi, kwamfutar tana tsufa. Hoto ya fara tsayawa. Musanna zai ga abokin gāba, kafin hannunsa ya kai allon ya daskare, in ya saki sai ya tarar da kansa a kwance.

“Yaya, wai da injin niƙa kake buga wasan nan?” in ji Lu'ai. “Bari in aiko maka da sabon katin hoto na kwamfuta.”

“Riƙe abinka. Kai da ke biyan haya a ƙasar mutane.”

Daga nan Musanna ya shiga zaɓen kaya, ya kusa shekara a kai. Duk Alhamis in ya tashi daga shago sai ya ja ni titin Sina'a, mu bi shagunan kayan kwamfuta. Akwai wani Abu Rafal, mai sai da sabo da na hannu, wanda muka fi zama wurinsa. Yakan aika a kawo mana shayi, ya saurari Musanna har ya gama.

“Malam Musanna, in gaya maka gaskiya? Ka sa sabon kati, ƙwaƙwalwar injin ba za ta iya binsa ba. Ka canja ƙwaƙwalwa, allon da take zama a kai ba zai karɓe ta ba. Ka canja allo, sai ka canja ram ɗin da ke riƙe mata aiki. Akwatin wutar ma tun zamanin da nake da gashi. Me ya rage? Gilas ɗin gefe.”

“Gilas ɗin ma ya tsage,” na ce.

“To ka ji. Yi mata sallar gawa kawai.”

Musanna ya yi dariya, amma bai saki maganar ba. Ya san ba shi da ƙarfin sayen komai da komai, abu ɗaya zai iya ɗauka. Mako guda ya ce ƙwaƙwalwa ta hannu, wadda tsohon allon zai karɓa. Wani makon ya ce a'a, kati. Yana tsakiyar kwafin takardar gādon wani yana kallon bidiyon masu gwada kaya a waya. Da ya tsai da shawara kan wani kati, dala ta motsa, katin ya yi masa nisa. Ya sauko kan na ƙasa da shi.

Sannan ga maganar wuta. Da zafi wutar gwamnati zuwa take ta gaisa ta tafi, sauran yinin a kan janaretan unguwa muke. Abin da gidan su Musanna ke ja daga janaretan bai wuce ya ɗauki firji da fanka da na'urar sanyaya ɗakin Hajiya ba. Babban kati kuwa ci gare shi. Ya je wurin mai janareta ya ji kuɗin ƙari, ya ga ba zai iya ba. Ya sake saukowa, ya nemi katin da ba ya shan wuta sosai.

A ƙarshe ya ɗauki wani na hannu, wanda Abu Rafal ya ce wani ɗalibi ne ya sayar zai yi tafiya. Ya rungumo shi a mota kamar jariri. Ranar Juma'a da hantsi na je muka buɗe injin. Ƙurar da muka fitar ta isa a shuka albasa. Hajiya ta leƙo daga ƙofa tana dafe da bango.

“Wannan akwatin dai da mace ce da yanzu ina da jikoki.”

“Umma, ai Lu'ai ya ba ki.”

“A waya. Ku zo ku ci abinci kafin ya huce.”

Muka ci shinkafa da miyar kuɓewa, muka koma muka kunna kwamfutar. Ta tashi. Hoton ya fito tas, har ganyen bishiya ana gani yana motsi. Na daɗe ban ga fuskar Musanna haka ba. Ya kira ƙanensa ya ce ya shirya, yau zai gane kurensa.

Bayan la'asar suka shiga. Ba su yi nisa ba wutar gwamnati ta ɗauke, janareta ya karɓa. Ya sake kunnawa, ya koma ciki, harbi ya yi zafi, sai muka ji ƙas, gidan duka ya mutu. Na fita na tā da makunnin wutar gidan da ya faɗi. Ya sake gwadawa, ya sake faɗuwa. Daga ɗaki muka ji Hajiya tana tari, tana kiran sunansa a hankali. Ya cire abin kunnen ya ajiye, ya kashe kwamfutar daga bango, ya je ya tayar mata da na'urarta. Ya rubuta wa Lu'ai cewa sai an kawo wuta. Da aka kawo, Lu'ai ya fita da iyalinsa.

Haka zafin nan ya wuce. In akwai wuta babu Lu'ai, in akwai Lu'ai babu wuta. Ranakun da aka dace kuma maganar Abu Rafal ta tabbata: wuri in babu kowa hoto lafiya, da an taru ana faɗa sai tsohuwar ƙwaƙwalwar ta shaƙe. Lu'ai ya fara shigo da abokan aikinsa cikin wasan, suna yarensu suna dariya, Musanna yana binsu a baya ana kashe shi da wuri. Sai ya zauna yana kallon ƙanensa yana wasa, ba ya jin abin da ake cewa.

Da sanyi ya shigo wuta ta zauna. Ina wurin wata Juma'a suka samu su biyu kaɗai, wasa ya yi daɗi, har suka ci zagaye. Murya tana fita ta sifika, ina ji.

“Yaya, dama ina so in gaya maka. Maiɗakina ta sake samun ciki. Ɗakin nan za mu gyara wa yaron, kwamfutar zan sayar.”

“Masha Allah. Allah ya raba lafiya.”

“Ai akwai waya. Ma dinga magana.”

“Sosai.”

“Ko in aiko maka da ƙwaƙwalwar da allon? Sun fi naka.”

“In yi wasa da wa? Sayar, ka sai wa yaro gado.”

Suka buga zagaye ɗaya suka yi sallama. Musanna ya tashi ya dafa mana shayi, ya kai wa Hajiya labarin cikin, ta yi ta sa albarka.

An haifi yaron, sun sa masa sunan kakansa. Lu'ai yana kira ranar Juma'a, ya gaisa da yayansa, a miƙa wa Hajiya wayar. Ita kuma jikin sai a hankali, yanzu ko tsakar gida ba ta fitowa. Musanna ya nemi mai shagon ya bar shi ya dinga tashi da azahar, aka rage masa albashi.

Makon jiya na biya ta shagon. Ya juyo mini da wayarsa, hoton allunan cikin kwamfuta biyu ne a jere, na hannu.

“Wanne ka gani? Wannan ya fi araha, amma wancan zai karɓi ƙwaƙwalwar da za ta fito nan gaba.”

“Yaushe rabonka da kunna kwamfutar?”

“An kwana biyu.”

“To na mene ne?”

“Tambayarka na yi wanne.”

Na nuna masa na biyun. Ya daɗe yana kallonsa, ya ce shi ma shi ya fi kwanta masa, sai dai bari a ga yadda dala za ta yi. Wata mata ta shigo da takardun kotu a leda, ya kifa wayar a kan tebur ya karɓa, ya tambaye ta kwafi nawa.