Ustaz Karrar, Tafintan da Ya Tsare Igiyar Auren Iyayena

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Da hantsin ranar Asabar, tara ga watan Fabrairun 2008, ina cikin soya gahawa, 'yarka Alawiya ta kira ni a waya daga birnin Omdurman. Ba ta iya gaishe ni ba. Cewa kawai ta yi, "Hajja Sittana, Baba ya tafi." Na zauna a bakin gado ban motsa ba, har gahawar ta ƙone a kasko.

Ustaz Karrar Sid Ahmad, ni ba mai ilimi ba ce. Karatuna bai wuce ƙaramar makarantar 'yan mata ta ƙauyenmu ba. Manyan lauyoyi za su yi rubutu a kanka, kuma nasu zai fi nawa tsari. Amma akwai abin da ka yi wa gidanmu da babu wanda ya rage a raye da zai ba da labarinsa sai ni.

Kafin Turawa su bar ƙasar nan, kai ne tafinta a kotun da ke yi wa ƙauyukanmu na yankin Marawi shari'a. Alƙali Bature ne, takardu da Turanci, mu kuwa ko gaisuwar Turanci ba mu sani ba. Mutum yakan karɓi takarda ya riƙe ta kamar garwashi. Da la'asar, in ka tashi daga aiki, sai ka zauna a ƙofar gidanka, mutane su zagaye ka. Ba ka taɓa ce wa kowa ga yadda shari'arsa za ta ƙare ba. Ƙwallayen dabino kake jerawa a kan yashi, ka ce wannan shi ne mai ƙara, wannan wanda ake ƙara, wannan babban shi ne alƙali. Ka faɗi kalmar Turancin, ka faɗi ma'anarta, sannan ka ce mutum ya maimaita maka da bakinsa. In bai iya ba, ka share yashin ka sake. Na ga ranar da wata tsohuwa ta zo tana kuka, an ce mata an gama da ƙararta. Ka duba takardarta, ka ture ƙwallon gefe kaɗan ka ce, "Hajja, ɗage ta aka yi, ba korar ta ba. Kamar ki sauke tukunya ne ki je salla, ai ba zubarwa kika yi ba." Ta tafi tana dariya da hawaye a fuska.

Tamu matsalar ta zo ne bayan wata babbar ambaliya. Kogi ya cinye iyakar da ke tsakanin gonar dabinon mahaifina, Hamad, da ta ɗan baffansa, Mirgani. Dattawa suka yi ta sulhu, abin ya ƙi. Mirgani ya kai ƙara. Ɗan sanda ya kawo sammaci, kuma bai tashi miƙa wa Baba ba sai a ƙofar masallaci bayan Juma'a, kowa na kallo. A wurinmu, wanda ɗan sanda ya kira sunansa ɓarawo ne. Baba ya ɗaga murya ya rantse da saki, cewa in ƙafarsa ta taka ƙofar kotun nan, to ya saki innata.

Duk ƙauyen an san abin da hakan ke nufi. Baba mutum ne mai saurin rantsuwa. Sau biyu ya taɓa rantsewa da saki cewa baƙo ba zai tafi ba sai ya ci abincin rana, sau biyun kuma baƙin suka hau jirgin ruwa suka tafi. Igiya ɗaya ta rage. Inna Batul ta ji labari tana toya gurasa. Ta ce, "Biyu sun tafi a kan miyar kuɓewa, ta ukun za ta tafi a kan yashi." Ta ci gaba da aikinta.

Ni ce babba, ƙannena maza ba su tasa ba, don haka ni na zo wurinka da takardar. Ka karanta, ka jera ƙwallayenka. Ka ce Turawa sun raba shari'a gida biyu, kowanne da sunansa. Akwai ta laifi, inda hukuma ke tuhumar mutum, akwai ta jayayya tsakanin mutum da mutum, kuma tamu ta biyun ce. Ka ce sunan da aka kira Baba da shi a takardar ba ya nufin mai laifi, yana nufin wanda aka nema ya zo ya ba da amsa. Na ji sanyi a raina. Sai ka ɗauke ƙwallon Baba daga yashi, ka bar na Mirgani shi kaɗai gaban alƙali. Ka ce wannan ma suna da kalmarsa, hukuncin da ake yankewa a bayan idon wanda ya ƙi zuwa. In Baba bai amsa ba, gonar ta tafi. In ya shiga kotu, Inna ta tafi.

Washegari ka hau jakinka ka zo gona, ka yi wa Baba bayanin nan duka. Ya saurara, ya ce, "Karrar, da ka faɗa mini wannan kafin Juma'a mana." Ka ce, "Baffa Hamad, kai ma da ka tambaya kafin ka sa Hajja Batul a caca." Ban taɓa jin wani ya faɗa wa Baba irin wannan magana ba.

Kai ka sanar da mu cewa a rigimar ƙasa ana iya roƙon alƙali ya fito ya ga wurin da idonsa, ya saurari mutane a can. Wannan ma yana da suna a Turanci, har yau harshena bai iya juya shi ba. Malamin ƙauyenmu ya ce a kan shiga ginin kotu Baba ya rantse, in alƙali ya zo gona babu abin da ya taɓa auren. Saura mai roƙo. Baba ya wakilta ni. Na roƙe ka ka gyara maganata in za ka juya ta, don kar in ji kunya. Ka ƙi. Ka ce, "'Yar Hamad, ni gada ce. Abin da kika ɗora shi zan ƙetarar, ba ƙari ba ragi. Ki faɗi gaskiya kawai."

Na ja mayafina na tsaya gaban Baturen. Na faɗi komai, har da baƙin nan biyu da abincin rana. Ka juya duka, fuskarka ko motsi. Na ga alƙalin ya rufe baki da hannu, ya daɗe yana kallon takardarsa. Daga nan ya yi magana, ka waiwayo ka ce mini, "Zai zo."

Ya zo kuwa. Aka ajiye masa kujera a gindin dabino, Baba ya tsaya cikin gonarsa ya ba da amsa, ya nuna inda tsohuwar magudanar ruwa ta bi. Ba mu samu duka ba. An ba Mirgani layin itatuwan da ke bakin ruwa, kuma Baba ya yi ta mitar su har ya koma ga Allah. Amma a gidan Inna ya yi mitar, a kan gadonta ya cika, ita ta rufe masa ido. Tun daga ranar bai sake rantsewa da saki ba. In baƙo ya ce zai tafi, sai Inna ta leƙo ta ce, "Bar shi ya tafi, Hamad, ba mu da sauran igiya."

Ba ka karɓi komai daga gare mu ba. Kowace kaka nakan aika maka da dabinon gonar, kai kuma ka aiko a ce mini ƙwallayen sun yi amfani. Bara da na ziyarce ka a Omdurman, idonka ya tafi, jikinka ya yi rauni. Na sa maka dabino a hannu. Ka ci, ka juya ƙwallon a tafinka, ka ce, "Wannan na wa ne, Sittana, mai ƙara ko wanda ake ƙara?" Na ce na Inna ne. Ka damƙe shi, ba ka yar ba har na tafi.

Ina miƙa ta'aziyyata ga matarka Hajja Madina, da Alawiya da 'yan'uwanta, da jikoki, da dukan mutanen Marawi. Allah Ya ba ku haƙuri, Ya ba mu tare. Na ɗaure buhun dabinon bana, zan zo da shi da kaina a raba wa masu zaman makoki.

Ya Allah, bawanka Karrar ya tsaya tsakanin masu tsoro da harshen da ba su sani ba, bai ƙara ba, bai rage ba. Yau ya zo gabanKa, inda ba a neman tafinta. Ka gafarta masa, Ka yalwata kabarinsa, Ka sauƙaƙa masa tambaya kamar yadda ya sauƙaƙa mana, Ka haɗa shi da Baba da Inna a inuwar Aljanna. Amin.