Ranar da Yasin Ta Kakare Mini a Gaban Baba

A shekarun da aka mai da Dutse babban birnin jiha, ni matashin ma'aikaci ne mai ji da kansa, ina haya a Takur, da haddar izu ashirin a kaina. Mahaifina ne ya ɗora ni a kanta a ƙauyenmu da ke bayan Kiyawa. Da aiki ya samu sai tilawa ta koma ta Juma'a kawai, daga nan ta koma ta azumi, daga nan Alƙur'anin ya hau kan durowa ya zauna. Da maganar shari'a ta taso kuwa, ba wanda ya fi ni zaƙewa a majalisa. Ana kirana Alaramma ina amsawa, alhali na fi shekara biyar ban bi izu ɗaya ba.

Wata Laraba da hantsi aka aiko cewa jikin Baba ya tsananta. Na hau babur na same shi kwance, 'yan'uwa sun kewaye shi. Yayana ya ɗauko Alƙur'ani zai karanta masa Yasin, Baba ya ɗaga hannu ya nuna ni, ya ce da ka yake so ya ji ta, daga bakin wanda ya koya wa. Na gyara zama na fara da murya mai daɗi. Ban yi nisa ba na kakare. Na koma baya, na sake zuwa wurin, na sake tsayawa. Sai na ga leɓen Baba yana motsi: mutumin da ko ruwa ba ya iya haɗiya, shi ne yake ɗora ni. Sau huɗu yana yi mini haka kafin mu kai ƙarshe. Bai yi mini faɗa ba, kallona kawai ya yi, kuma kafin la'asar ya cika. Ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba.

Bayan sadakar bakwai na je gonarsa, na leƙa rijiyar da yake ban ruwan dabino da ita. Wata biyu kacal da kwanciyarsa, ruwan ya yi kore yana wari. Inna ta gaya mini cewa ko da damina sai ya ja guga biyu kullum, don ya ce rijiyar da ba a ja mutuwa take yi. Na sa aka yashe ta, ni ma na koma gaban wani malami a matsayin ɗalibi, da gemuna.

Yau haddata ta dawo har ta ƙaru, kuma ba na karyawa sai na karanta shafi biyu. Ɗan'uwa, kada sunan da mutane suke kiranka da shi ya ruɗe ka, buɗe ka karanta yau, ko aya biyar ce. Ni na samu gyara, amma wanda na fi so ya ji gyaran ba ya nan.