Ɗigon Baba Sahabi

Har gobe ban manta da wata Talata a ofishinmu na manoman rani da ke Wurno ba. Wata na biyar ke nan da kama aiki a matsayin ƙaramin akawu, ba a ma tabbatar da ni ba. A ƙa'idarmu, wanda ya karɓi takardar tuhuma kafin tabbatarwa, sai dai ya fara haɗa kayansa.

Da hantsi mota ta iso da irin albasa, manoma daga Maikujera da Gandi suka cika harabar. Shugabanmu, Alhaji Lawali, ya ce in fitar da jerin sunayen masu karɓa daga imel ɗin ofis. Ga wanda bai sani ba, akwai ɗan gurbi a sama, ka rubuta kalma, kwamfuta ta zaƙulo duk saƙon da ke ɗauke da ita. Na rubuta "albasa". Shiru. Na rubuta "iri". Babu. Na duba kalandar ofis, ita ma ta yi kunnen uwar shegu da ni.

"Ko dai ka goge shi?" in ji Alhaji. "In ba a gan shi ba kafin azahar, ka amsa a rubuce."

Na koma kan kwamfutar na ci gaba da nema. Ina ta zufa sai ga Baba Sahabi, babban akawunmu, wanda ya fara aiki tun zamanin tafireta.

"Ɗana, mi kaka biɗa?"

"Saƙon albasa, Baba."

Ya leƙa allon, ya kama haɓa. "Haka tsirara ka rubuta ta? Ai ni na tura shi. Matsa."

Da yatsa ɗaya ya danna: A.L.B.A.S.A. Nan take saƙon ya faɗo.

Ashe Baba, tun yana saurayi, in takarda na da muhimmanci sai ya sa ɗigo tsakanin kowane harafi na takenta, wai girmamawa. Kwamfuta kuwa, da ta ga ɗigo sai ta ɗauka kalma ta ƙare. Ita haruffa shida ta gani a warwatse, ba albasa ba. Jerin kansa kuma hoto ne, ba ta iya karanta shi.

Alhaji ya yi dariya har da riƙe ciki, sannan ya ce daga yau a daina ado.

Baba ya gyara hula. "Alhaji, shekara da shekaru ina girmama takarda, yau wagga aba ta ce ban iya ba?"

Na ji tausayinsa, amma na fi jin daɗin tsira da aikina. Aka raba iri kafin azahar.

Shi ya sa yanzu, ku sababbin ma'aikata, ba na fara zaunar da ku gaban kwamfuta. Ina fara kai ku ku gaida tsofaffin akawu, ku ga yadda kowa ke rubutunsa. Kwamfuta abin da aka danna mata kawai ta sani; wanda ya danna, kai ne za ka san shi.